Wane ne Uban Isuhu?

Ba zan taɓa mantawa da daminar da zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗana na fari ba. Sunan mahaifina marigayi aka sa masa, don haka babu mai ambaton sunan a gidanmu. Abba muke ce masa, tun ranar suna.

Ina wurin aiki a gidan rediyo (ni ne mai gabatar da shirin kiwon lafiya, ku riƙe wannan) maiɗakina ta bugo waya tana kuka: yaro ya sanƙare, tana hanyar asibiti da shi. Na hau kabu-kabu na bi su. Kafin in isa har an karɓe shi, an ba shi gado a ɓangaren yara. Na leƙa ta taga. Tafin hannunsa ya yi fari fat, idanunsa a kafe, numfashi sama-sama. A gadon da ke kusa da shi wata mata ce daga Bambeye ke lulluɓe ɗiyarta da zane, har fuska. Na koma gindin bishiya cikin sauran iyaye maza na zauna.

Can sai wata ma'aikaciyar jinya ta fito da sauri. "Uban Isuhu! Ina uban Isuhu? Jini za a ƙara mishi, yanzu!"

Babu wanda ya tashi. Ta sake kira, ta kuma sakewa, muryarta na ƙara tashi. Tausayin yaron ya kama ni, haushin uban kuma ya fi. Na juya ga dattijon da ke gefena, da muryar nan tawa ta aiki, na ce, "Ka ga matsalar da muke ta faɗakarwa a kai. Mutum ya ajiye yaro rai a hannun Allah, ya tafi yawonsa."

Dattijo ya ce, "Wallahi kuwa. Uban banza."

Sai ga maiɗakina a guje, mayafi a hannu. Ita ma ba ta iya faɗin sunan surukinta, don haka ta tsaya a kaina ta ce: "Malam, kai aka kira! Abba na! Mi kake jira?"

Aka ja ni ɗakin ɗibar jini. Ma'aikaciyar tana ɗaure mini hannu ta ce, "Muryag ga na san ta. Ba kai na ba ka ce muna iyaye su zan kusa?" Ina kallon jakar tana cika a hankali, ina lissafin lokacin da na ɓata ina zagin kaina a gindin bishiya, ina roƙon Allah kada ya zama shi ne lokacin da yaron ke buƙata.

Allah ya tashi kafaɗar Abba. Ni kuwa tun daga ranar, kowane suna aka kira a asibiti miƙewa nake yi. Gara a ce mini "ba kai ba ne, zauna". An kuwa sha faɗa mini.