Kashin Shanu Ma Da Mai Shi

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na dawo Gummi daga bautar ƙasa ba, kai cike da mafarki, aljihu cike da iska. A wani taron matasa na ji an ce arziki yana ɓoye ne cikin sana'ar da kowa ke ƙyama. Maganar nan ta zauna min daram.

Wata safiya bayan kaka ina yawo bayan gari, sai na faɗa wani fili inda Fulani suka tashi da garkensu. Kashin shanu ko'ina, ba mai gadi! Na tsaya ina kallo kamar an nuna min ramin zinare. Nan take na hango buhuna masu tambarina, motoci jere suna kai taki har Sakkwato, ni kuma ina ofis mai sanyi, Saratu na miƙo min shayi (Saratu ce yarinyar da nake nema, kuma a makon ne zan je gaida mahaifinta karon farko). Na ce a raina, mutanenmu kam barci suke yi.

Kwana uku ina kwasa da shebur, ina lodawa a amalanken jaki na aro. Inna ta toshe hanci ta ce, "Wanga kashi, wa yab ba ka shi?" Na ce, "Haba Inna, kashi ma har da mai shi?" (Mai digiri ke magana fa.)

Ranar gaisuwa na sha shadda, na yi wanka da turare. Malam Garba, mahaifin Saratu, ya karɓe ni a zaure tare da ƙannensa biyu. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaro, mi kaka yi na sana'a?"

Na gyara zama na ce na kafa kamfanin takin gargajiya. Da na tsaya nan da na tsira. Amma bakina ya zarce: na ce na gano wani fili kusa da tsamiya biyu, inda wani sakarai ya bar dukiya tana bushewa a rana.

Ƙaramin ƙanen ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

"Tsamiya biyu?" in ji Malam Garba a hankali. "Gonata ce. Da gerona na roƙi Jauro, shugaban Fulanin nan, shanunai su yi wata guda suna kwana ciki, don takin nan. Kwana uku muna neman ɓarawo. Sakaran kuma ga shi gabanka."

Innalillahi! Turaren nan duk ya koma gumi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na kuma tabbata Saratu ta kuɓuce min.

Can ya ce, "Ɗiyata ba ta auren ɓarawo. Amma wanda ya maida abin da ya ɗauka, ba mu ce mai ɓarawo."

Washegari da rana tsaka na maida kashin gonar kaf, ta tsakiyar kasuwa, 'yan tireda na kira, "Ango, ina kamfani?"

An dai ɗaura auren. Yau ina kwaso taki daga rugagen nesa ina kai wa manoman fadama, kuma sana'ar na ciyar da mu. Sai dai ko kashin akuya na gani a hanya, sai na yi sallama na tambayi mai shi.