Sabuwar Manhaja da Ibrahima Talatin da Ɗaya

Ranar Litinin na hau kabu-kabu da buhu a hammata zuwa ofishin rabon iri da ke kan hanyar Isa, kafin azahar aka sanar da ni cewa babu ni.

Shukar farko ta ƙone, kamar bara. Gero ya kai tsawon yatsa, ruwa ya ɗauke kwana ashirin da shida, gona ta koma fili. Abin da ya rage mana shi ne irin nan mai saurin nuna da ake rabawa, wanda in bai shiga ƙasa cikin makon nan ba, sai dai a daka shi a yi fura. Rumbuna kuwa ko ɓera ya daina zuwa gaisuwa.

Akawun ofishin, Halliru, ɗalibina ne lokacin da nake koyarwa a firamare. Shekara ashirin yana aiki da wata tsohuwar kwamfuta mai baƙin allo da koren rubutu. Manhajar da ke cikinta ta tsufa, tana da taurin kai, amma ta san mu. Ba ta yarda a bar gurbin ranar haihuwa fayau, mu kuma in an tambaye mu sai mu ce shekarar da fara ta cinye dawa, don haka duk mai gemu Halliru ya rubuta masa ɗaya ga Janairu, 1960. Sannan a ƙauyenmu akwai Ibrahima talatin da ɗaya, don wani malami da ya zauna wurinmu a da suna ɗaya ya fi so ya raɗa. Sai Halliru ya riƙa amfani da layin ƙarshe, layin ƙarin bayani, yana rubuta sunan da aka san kowa da shi: Ibrahima Ɗan Tani, Ibrahima Mai Raƙumi, Ibrahima Ba Ka Wanka. Ni ne Ibrahima Hedimasta. Ba a taɓa ba wani irin wani ba.

Da rani sai Mai Girma Jagoran Sabunta Komai, Allah ya ƙara masa kujeru, ya iso da motoci goma sha ɗaya. Aka kafa rumfa, aka yanka raguna, ya ce tsohuwar manhaja abin kunya ce, an rubuta ta da harshen da masu jinsa duk sun yi ritaya. Za a kwashe mu a zuba cikin sabuwa. Masana suka zo daga birni, suka yi wata huɗu a otal suna nazarinmu, ba tare da sun wahalar da kansu da ganinmu ba. Da suka iso layin ƙarin bayani suka ce wannan ba bayani ba ne, surutu ne, suka bar shi a baya. Sabuwar manhaja kuwa tana da basira: in ta ga suna ɗaya, gari ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, ta san mutum ɗaya ne yake son ya ci rabo sau biyu. Dole a yaba. Tun da nake karatun tarihi ban ga annobar da ta kwashe mutum talatin cikin daƙiƙa guda ba tare da an haƙa rami ko ɗaya ba.

Maƙwabcina Illo, wanda sunansa ya cece shi, yana ɗaure buhunsa a bakin ƙofa lokacin da na iso.

"Hedimasta, an ce yanzu sunayenmu suna cikin gajimare," in ji shi.

"To ai ka ga inda gajimaren bana yat tahi. Aiki anka ba shi."

Na shiga. Halliru ya miƙe ya gaishe ni, ya zauna, ya danna, ya sake dannawa.

"Malam, sunanka bai hito ba."

"Diba da kyau. Ni na koya maka karatu, na san inda kake tsallake layi."

"Na diba, Malam. Ibrahima guda ɗai anka bari a garinku."

"Wane?"

"Wanda yak koma Maraɗi shekara tara da sunka wuce. Shi ne na farko a jeri."

Na tambayi inda tsohuwar kwamfutar take. Ya ce an tafi da ita ranar bikin ƙaddamar da sabuwar, a ajiye don 'yan baya su ga irin wahalar da aka sha. Na tambayi wanda ake kai wa ƙorafi. Ya ce akwai gurbin ƙorafi a sabuwar manhaja, mai kyau ƙwarai, ana shiga da sunan da ke cikin jeri.

Sai ya sake kallon allon. Ya cire tabarau ya goge.

"Malam, akwai mai rabo a gidanka. Inna Fatu."

Fatu matata ce. Shekara shida ke nan da na binne ta, Halliru ma yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Tsohuwar manhaja in aka goge suna sai ta tsaya cik, saboda haka ya rubuta "ta rasu" a layin ƙarin bayani. Surutun da masana suka zubar ke nan. A sabon tsari Fatu tana nan da ranta, lafiyarta lau, an ware mata tiya huɗu.

"To a mai da rabonta gare ni."

"Sai mijinta ya shigar da sanarwar rasuwa."

"Ga mijinta."

"Mijinta ba ya cikin jeri, Malam."

"Mi ake buƙata a karɓi nata?"

"Ta zo ta dangwala yatsa." Ya rage murya. "Sai dai tsohuwar manhaja ba ta ajiye yatsan kowa ba. Duk yatsan da yaf fara hawa gilashin nan, shi ne Fatu."

Na karanta littattafai da yawa, na san sunan abin da nake shirin yi a cikin harsuna uku. Na kuma san gabas ta fara duhu tun safe, kuma ba ni da wata gonar sai wannan. Na ɗora babban yatsana. Na'ura ta yi ƙara, allo ya yi kore, ya yi wa Fatu barka da zuwa.

Da na fito da buhu a kafaɗa, Ibrahima goma sha wani abu suna zaune a inuwar dogonyaro, buhunansu a ninke a kan cinya. Mai Raƙumi ya tambayi yadda na yi. Na faɗa masa. Ya daɗe yana lissafi da idonsa a ƙasa.

"Ni matana biyu, duk suna da rai, kuma ba a taɓa rubuta su ba," in ji shi. "Kai dai ka yi sa'a, Hedimasta."

Tun ranar zaman makokin Fatu ba wanda ya ce mini haka.

Ruwa ya sauka ranar Talata da la'asar, Laraba na shuka. Sauran Ibrahimomin an ce su yi haƙuri, za a gyara a sabuntawa ta gaba, wadda Mai Girma zai zo ya ƙaddamar bayan kaka, lokacin da hanya ta bushe. Ni kuwa daga yau, a idon hukuma, mace ce ni mai gona ɗaya wadda ba ta da miji, kuma duk shekara za ni je in gabatar da kaina a haka.

Shekara talatin da huɗu Fatu tana cewa in ba don ita ba ko ƙwayar gero ba za ni iya kawowa gidan nan ba. Kullum ina musu. Ban zaci za ta samu takardar shaida ba.