Rasuwar Farantin Satalayit na Horațiu Bârsan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya hana ta hucewa, Horațiu Bârsan, mai walda, mazaunin hawa na huɗu na wani dogon bene a garin Sibiu, yana sanar da rasuwar farantinsa na satalayit, ranar Talata da hantsi, cikin Oktoban 1988. Ya rasu yana da wata goma sha tara.

Horațiu ne ya ƙera shi da hannunsa. Wata bakwai ya yi yana tsintar guntayen alminiyam, yana bubbuga su a kan tudun siminti, sau uku yana ɓatawa yana sakewa. Ranar da aka kafa shi a baranda, a bayan shanyar zannuwan gado, marigayin bai ce komai ba sai "shhhh". Da aka karkata shi faɗin yatsa ɗaya, sai ga wata mata a allo tana karanta labarai da Jamusanci. Smaranda, matar Horațiu, ta zauna daɓas a ƙasa ta yi ta kuka.

Marigayin mai gaskiya ne. Bai taɓa yabon shugaba ba, bai taɓa cewa an yi girbi mai albarka alhali kantuna fayau ba. Ƙwallo kuwa, daga farko har ƙarshe yake nunawa.

Maƙwabci ne ajalinsa: Vlaicu na ƙofa ta goma sha biyu, wanda ya fi kowa matsowa kusa da allo, ya fi kowa kai loma a tuwon masarar gidan. Shi ya kai wa hukuma rahoto, don ta hana kallon tashoshin waje. Jami'ai biyu suka zo.

"Kwamared, wannan fa?" in ji babbansu.

"Murfin tukunya ne," in ji Smaranda.

"To, miyar ta ishe ku haka."

Suka kwance shi, suka wurgo shi ƙasa daga baranda. Kalmarsa ta ƙarshe "ƙwaram!" A wurin aiki aka karɓe wa Horațiu walda, aka ba shi tsintsiya.

Marigayin ya rasu ya bar waya mita ashirin, ƙusoshi huɗu a bango, da akwatin talabijin maraya mai magana awa biyu kacal a rana, duk a kan mutum ɗaya. Ya kuma bar magidanta goma sha ɗaya da suka sha kallo, waɗanda ko ɗayansu bai leƙo ba da aka zo kashe shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, a jujin tsofaffin ƙarafa da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ba a son furanni, ba a son jawabi. Duk wanda bai buɗe ƙofarsa ranar Talata ba, ya bar ta a rufe. Vlaicu kuwa, in ya isa, ya zo gaisuwa. Smaranda ta ɗora ruwa a wuta, kuma ba na shayi ba ne.