Hajiya Fanta Ta Dawo Daga Turkiyya

Allah ya ja zamanin Hajiya Fanta, Gimbiyar Leshi, fitilar Kantin Kwari, wadda ko atishawa za ta yi sai ta tare da hannun da ke da zobe. Duk Fagge babu kamarta. Ita ma ta sha faɗa.

Ana tsakiyar damina maƙwabciyar shagonta, Gumsu, ta dawo daga saro kaya a Dubai, waya fal hotuna. Abin ya tsaya wa Hajiya a wuya. Ita da ko jirgin ƙasa ba ta taɓa hawa ba, ta tara 'yan layi.

"Dubai ta zama ta kowa da kowa," in ji ta. "Ni Turkiyya za ni, inda fure ke fin mutum tsawo."

Ta kulle kanta a ɗaki, aka ce ta tashi Turkiyya. Wata safiya ta zumbula niƙabi, ta rantsar da Bahauddeen mai adaidaitan bakin layinsu kada ya faɗa wa kowa, suka ɗauko Ebuka mai hoto a Sabon Gari, sai wata gona a bayan gari inda aka shuka furen kallon-rana, mai fuska rawaya kamar faifai.

Ta zuba rigar sanyi mai gashi, gumi na wanke hoda. Ƙasa ta jiƙe, takalmin Hajiya kuwa ba ya gaisawa da taɓo, don haka ta sa Bahauddeen ya kutsa da adaidaitan har gindin furannin.

"Kun ga sun juyo suna kallona? Fure ma ya san manya."

Gabas suke kallo, baiwar Allah, tun kafin ta zo.

"Hajiya, bari keke ya matsa baya kaɗan," in ji Ebuka.

"Kai dai ɗauka. Ina tsaye wa zai kalli bayana?"

Aka wanko hoton ƙato kamar ƙofa, ta kafa shi a shago, ta raba dabino tsarabar Turkiyya. Layi ya taru ana sam barka. Gumsu ta gyara tabarau, ta matsa kusa. Can cikin rawayar furanni ga wata rawayar mai ƙafa uku, direba ya miƙe ƙafa a ciki yana shan rake.

"Sannu da hanya, Hajiya," in ji Gumsu. "Ashe Bahauddeen har Turkiyya yake kaiwa? Don Allah ki ce ya biyo ta gidana. Bana Makka nake so."