Zafin da Likita Ya Hana Yayana

Jiya na raka yayana, direban bas, asibiti a ƙafa, don bas ɗin na layin mai tun shekaranjiya.

Ya daɗe da aure, da mace mai murmushin da ko dutse ya gani sai ya yi laushi, amma har yau ba goyo. Dangi suka ɗora mata laifi, inna ta fara cewa ta je gidansu "ta huta". Da aka gwada maniyyin yaya, likita ya ce ƙwayoyin haihuwar kaɗan ne, su ma tafiyar hawainiya suke yi. Ya ce, "Ka rage zafi."

Yaya ya ɗauka zafin rai ake nufi. Ya daina zagin kwandasta. Mai babur ya fasa masa madubi, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba."

Jiya likita ya duba sabon gwaji, ya yamutse fuska.

"Ka rage zafin kuwa?"

"Wallahi likita, yanzu ko ƙuda ba na kora."

"Malam, a ina kujerarka take?"

"A kan inji."

"To dafa zuriyarka kake yi."

Maƙwabcinmu mai gasa burodi ya ji labari, ya riƙe baki. "Kai dafawa, ni gasawa ke nan!"

Kada ku ce manya ba su damu ba. Mai girma Uban Alkawari ya kafa kwamiti, kwamiti ya sha sanyin otal, ya ba da shawarar kowane ma'aikaci ya riƙa zama wuri mai sanyi. Ranka ya daɗe, wannan hikima sai ku! Yaya ya je sayen ƙanƙarar da zai zauna a kai, mai ƙanƙara ya ce rabonsa da wuta tun yana saurayi.

Sai yanzu na gane dalilin da 'ya'yan manya suka cika kowane ofis. Ba son kai ba ne, kimiyya ce: kujera mai laushi, na'urar sanyi, ba layin mai.

Da muka dawo daga asibiti, yaya ya durƙusa gaban inna, matarsa na laɓe a bakin ƙofa, har ni sai da idona ya cika.

"Inna, ba laifinta ba ne. Bas ce."

Inna ta ce, "To ita ta zauna. A saki bas ɗin."

"Mu ci me, inna?"

Mai girma dai kullum cewa yake yara manyan gobe. Ranka ya daɗe, a kawo mai da wuta, mu samo yaran tukuna.