Rigar Sallata da Makullin Ɗakin Kaka

Jama'a, ranar Talata na je unguwar Aboabo karɓo babbar rigata wurin Brimah tela, na tarar aikin wuya ya tsaya a rabi: dama ta sha zare, hagu fayau. Sallah kuwa saura kwana tara.

"Alhaji, ba laifina ba ne," in ji Brimah. "Kwamfutan da ke tuƙa injin aikin ya mutu murus koraa. Manhajan ya tsufa, sabon kwamfuta ba ya jin shi. In bai tashi ba, rufe shagon nan zan yi."

Ni ba Alhaji ba ne, amma ban gyara masa ba, tunda abin da na samu ke nan a ranar.

Na kira Farhana, 'yar ƙanwata da ta karanci kwamfuta. Ta duba ta ce babbar manhajar ta girme ta, kuma kamfanin da ya yi ta a can ƙetare ya daina sayar da ita tuntuni. Da za su saki asalin rubutunta ga kowa, da ta ɗora ta a sabuwar kwamfuta cikin mako guda.

Sai muka rubuta wa Mai Girma Sarkin Makullai na kamfanin. Allah ya ja zamaninsa, washegari ya amsa! Wai yana so, amma ba tasu ba ce su kaɗai. Wani yanki na wani kamfani ne da ya rushe, wani na wanda aka haɗiye, takardun yarjejeniya sun ɓace, lauyoyi kuma sun ce a dakata.

Raina ya ɓaci. Bayan la'asar na tsaya ƙofar masallaci ina zuba. Abin da ba ka sayarwa, ba ka amfani da shi, don me za ka hau kansa ka zauna? Har Osmanu bakanike na Suame ya ce in fito takara.

Ina shiga gida Farhana ta tare ni. "Kawu, ba ni makullin ɗakin Kaka. Shagon Brimah ya yi matsi. In kawo injin nan in kwance shi, wataƙila in samo wata dabara."

Shekara goma sha bakwai tun rasuwar Kaka ɗakin yana kulle, ba mai kwana ciki sai ɓera.

Na ce, "Ai ina so, amma ba nawa ba ne ni kaɗai. Sai an ji daga kawunki na Bawku, da innarki ta Yamai, da 'ya'yan marigayi Sulley. Takardar gidan ma ba a san wanda..."

Ta ɗaga wayarta, ta dube ni, ta sake duban wasiƙar kamfanin.

"Kawu, kai ka rubuta musu wannan?"

Wallahi na ji kunya, har na rasa inda zan sa idona.

Brimah dai yana can yana jira. Ranar Sallah in kun hango ni ina tafiya a karkace, ku gaishe ni ta dama. Makullin yana aljihun hagu, kuma ana nan ana tuntuɓar masu ruwa da tsaki.