Ranar da Kwamiti Ya Ari Tsanin Madu

Jama'a, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya ga rubutuna na wannan makon ya ɗan karkace, ya yi mini uzuri, hannun dama ne har yanzu bai gama dawowa daidai ba. Ranar Talata na yi awa huɗu cur a saman soron mahaifiyata. Rabin lokacin rana tana gasa ni, ragowar kuma ruwan sama yana wanke ni. Wannan alheri kuwa na same shi ne ta dalilin manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da man mota.

Amma bari in fara da laifina, kada a ce Malam Fatihu ba ya ganin na kowa sai na hukuma. Tun tsakiyar bazara maiɗakina Aina'u take bina da magana in hau in duba indararon soron Inna. Ginin ƙasa ne, marigayi Baba ya yi shi tun ba a haife ni ba, kuma akwai wata darbejiya a bayansa da ba ta da sana'a sai zubar da ganye a kan rufin. In ganyen ya taru, ya haɗu da ƙasa da leda da kashin tattabaru, sai ya toshe bakin indararo, ruwa ya kwanta a sama kamar tafki. Wanda ya tashi a karkara ya san abin da ke biyo baya. Ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi, azara ta gaji, wata rana sai dai a ji rugum. A ɗakin nan Inna take kwana, a nan kuma na jingine irin gero da na wake da nake jiran shukawa.

Kullum da safe Aina'u za ta ajiye mini koko ta ce, "Malam, yaushe za ka hau?"

In ce, "Gobe, in Allah ya kai mu."

Ran nan ta ce, "Ai Allah yana ta kai mu, kai ne dai ba ka hawa."

Ana cikin haka sai na sami mafaka. Na ji a rediyo an kafa wani kwamiti mai suna Kwamitin Wayar da Kai Kan Share Rufi, Indararo, Kwata da Makamantansu. Aka ce za su bi gari-gari da tsanin ƙarfe da shebur da safar hannu. Na ce wa Aina'u ai rashin ladabi ne talaka ya riga manya aiki, su zo su tarar babu abin da za su ƙaddamar. Ta dube ni ta ce, "To, in soron ya faɗo wa Inna sai ka ɗauke ta ka kai musu su wayar mata da kai."

Inna tana zaune a bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ubanka dai ruwan farko bai taɓa samunsa bai hau ba, har gemunsa ya yi fari."

Wannan maganar ce ta tashe ni. Ranar Talata da hantsi gari ya yi zafi irin mai ɗauke iska, gabas kuma ta fara haɗa rai. Na je wurin maƙwabcina Madu, wanda kakansa ya zo daga Barno ya zauna a garinmu, shi kuma yake harkar hatsi a kasuwar Dawanau. Shi kaɗai ke da dogon tsani a unguwarmu, na gwangwala. Ya dubi tsanin, ya dubi cikina, ya ce, "Malam Fatihu, tsanin nan ya sha ɗaukar mutum da buhun dawa a ka, amma ban taɓa gwada shi da malamin makaranta mai cin tuwo sau biyu ba."

Na ce ya ba ni kawai, in ya karye na rage masa aikin faskare.

Ta waje na jingina shi, ta gefen hanya, saboda rumfar Aina'u ta tare ta cikin gida. Na hau da tsintsiya da buhu da wani guntun kara. Abin da na tarar a sama ya isa a buɗe shago. Ganye ya kai idon sawu. Ga takalmin soso wari guda, ga murfin tukunyar da aka shekara ana zargin akuyar maƙwabta da shi, ga ledar ruwa babu iyaka. A bakin indararon kuwa, wata 'yar darbejiya ce ta tsiro abinta, ta yi kore shar, tana jiran ta girma ta gaji uwarta.

Na sunkuya na fara shara ke nan sai na ji jiniya. Motoci biyar, duk masu baƙin gilashi, suka tsaya a filin da ke gaban shagon tela. Kafin in miƙe an kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaura lasifika. Ashe ranar ce kwamiti ya zaɓa wa garinmu. Shugaban kwamitin, Mai Girma Garkuwan Indararo, da kansa ya fito, cikin babbar riga fara sol wadda ko kallonta ka yi da ƙarfi sai ta yi datti. Na ce madalla, ga ni a kujerar da ta fi ta kowa tsayi, bari in yi aikina ina sauraro.

Abin da ban sani ba shi ne, tsanukan ƙarfen da aka yi alkawari ba su iso ba. Daga baya na ji an ce suna birni ana jiran a rubuta musu sunan kwamitin, kuma sunan ya fi tsanin tsawo. Mai riƙe wa Mai Girma jaka ya waiga ya ga tsanin Madu a jingine babu kowa a kai, ya yafito mutum biyu suka saɓa shi suka tafi. Ni ina can ƙuryar rufi na ba da baya. Da na juyo na ga babu shi, na ɗaga murya na ce, "Bayin Allah, akwai mutum a sama!" Daidai lokacin aka kunna lasifika. Wasu suka hango ni ina ɗaga hannu, suka ɗaga mini nasu. Madu ma yana cikin taron, ya ga tsaninsa ya wuce, ya ɗauka na gama ne na ba da aro.

To, sai jawabai. Na farko ya gode wa na biyu, na biyu ya gode wa na farko da na uku. Da aka zo kan Mai Girma, ya yi mana bayani mai gamsarwa cewa ruwan sama daga sama yake zuwa, don haka rufi ne yake fara haɗuwa da shi. Aka yi tafi. Ni ma na tafa daga inda nake, don gaskiya ce, kuma ina wurin da zan tabbatar.

Sannan aka zo aikin gani da ido. Aka jingina tsanin Madu a shagon tela, wanda rufin kwano ne, ba shi da indararo ko na rantsuwa. Mutum biyu suka riƙe tsani, mutum ɗaya ya tattare wa Mai Girma riga, ya taka matakala uku ya tsaya. Mai jaka ya tsinci ganye ɗaya a ƙasa, ya karkaɗe shi, ya miƙa masa. Mai Girma ya ɗaga ganyen sama aka ɗauki hoto. Sau uku aka maimaita, don mai hoton ya ce rana tana shiga.

Daga nan aka kafa allon tunawa da ranar. Suka duba inda masu wucewa a mota za su fi ganinsa, sai ya zama bakin kwalbatin da ruwan unguwarmu kaf yake bi ya fita fadama. Ƙasar da aka haƙo aka tura ta cikin kwalbatin don kada ta ɓata hoto. Aka raba ruwan leda, aka sha, ledojin suka bi ƙasar.

Ni kuwa ƙishirwa ta fara yi mini magana. Na leƙa tsakar gida na kira Aina'u. Ta fito ta ce, "Ka gama?"

Na ce, "An ɗauke tsani."

"Wa ya ɗauke?"

"Hukuma."

Dariya ta kama ta har sai da ta zauna a kan turmi. Da ta huce ta ɗaura buta a sandar kaɗo mangwaro ta miƙo mini, ta ce, "Tunda babu hanyar sauka, ka haɗa da na ɗakin girki, ai rufin a haɗe yake."

Na share na ɗakin girki. Na cika buhu. Amma indararon Inna ya ƙi. Saiwar 'yar darbejiyar nan ta shige ciki ta kama ƙasa da leda ta ɗaure su kamar an yi da siminti. Na zura kara, ya karye. Ina cikin neman dabara iska ta taso, rumfar manya ta fara rawa, gari ya yi duhu. Ko yayyafin gargaɗi ba a yi ba, ruwa ya sauko gaba ɗaya.

A nan wasa ya ƙare, jama'a. Kafin a jima ruwa ya rufe mini ƙafa. Ina jin ƙasar rufin tana yin laushi a ƙarƙashin tafin ƙafata, kuma na san wadda ke zaune a ƙasanta. Na yi ihu na ce Aina'u ta fito da Inna. Ta shiga da gudu, sai na jiyo muryar Inna tana cewa, "Babu inda za ni. A ɗakin nan na haife shi. Ki ce masa ya buɗe indararo kawai."

Na kwanta rub-da-ciki a cikin ruwan, na zura hannu cikin indararon har kafaɗa. Wani abu ya yanke ni, ban tsaya dubawa ba. Na kamo saiwa na ja, ta tsinke, na sake kamowa. Aina'u ta jawo turmi ta hau, ta zura sandar mangwaro ta ƙasa tana zungura, tana cewa, "Ja, Malam, ja!" Rabona da addu'a irin ta wannan lokacin tun ranar da aka kwantar da Baba a asibiti. Can sai na ji abu ya saki. Tarin ganye da laka na shekara biyu ya fita a guje, ruwan ya bi shi da ƙara, kuma duk a kan Aina'u ya sauka, daga ɗankwali har zane.

Ta tsaya tana share ido, baƙi ƙirin. Na leƙo ina haki na ce, "Sannu, Hajiya." Ta ɗago ta ce, "In ka sauko ma yi maganar." A karo na farko a ranar na ji rashin tsani ya yi mini rana.

Da ruwan ya janye daga rufi sai na sami sukunin kallon fili. Kwalbati ya toshe, ruwan unguwa ya rasa hanya ya dawo ya kewaye motocin nan biyar. Mai Girma yana tsaye a kan kujerar roba ya tattare riga. Aka kwantar da tsanin Madu tsakanin rumfa da mota, aka riƙe shi hannu bibbiyu ya taka ya shiga. Amma motar ta ƙi gaba ta ƙi baya. Sai da Madu da mutanen unguwa suka ɗauko fartanya da shebur, suka tumɓuke allon, suka yashe kwalbatin da hannunsu, sannan ruwa ya wuce, manya suka samu hanya. Allon yana nan a jingine a bayan shagon tela, an ce yana tare wa kaji iska sosai.

Bayan azahar Madu ya iso da tsani a kafaɗa, jikinsa duk taɓo. Ya ɗaga kai ya ce, "Af, Malam Fatihu, kana nan?"

Na ce, "A'a, na je garin Kunci na dawo."

Na sauko. Na shiga wurin Inna na tarar da ita a kan tabarma tana jan carbi. Ɗigo ɗaya ne ya sauko a kusurwa, ta tara masa kwano. Iri bai jiƙe ba. Ta kama hannuna ta duba yankan, ta sa Aina'u ta kawo ruwan zafi da gishiri, ita da kanta ta wanke mini tana faɗa. Da ta gama ɗaurewa ta ce, "Baɗi ka hau tun kan a roƙe ka." Na ce to, Inna.

Washegari ina shirin fita gona, don ƙasa ta yi sanyi shuka ta kama, sai na ji mu a rediyo. Aka ce kwamiti ya samu gagarumar nasara a garinmu. Aka ce jawabin Mai Girma ya ratsa jama'a har an ga wani bawan Allah ya haye rufi nan take, ya ƙi saukowa duk da ruwan da ake yi. Wannan bawan Allah dai ni ne, kuma na karɓi yabon hannu biyu. Duk wanda aka yi awa huɗu ana wayar masa da kai a rana da ruwa, ai kansa ya waye.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, in kana da soro ka hau ka duba indararonka yau. In na kwano ne ka kwashe ganyen da ya kwanta a kai kafin ya cinye shi da tsatsa. Ka zura sanda a rariyar gidanka, ku haɗu da maƙwabta ku yashe kwatar ƙofar gida. Aikin rabin yini ne, kuma ba ya bukatar jiniya.

Yanzu kuma na ji an ce wata mai kamawa manya za su dawo ƙaddamar da yasar rijiyoyi. Muna musu maraba, Allah ya kawo su lafiya. Ni dai na riga na shaida wa Aina'u cewa ranar ko guga ne ya faɗa rijiyarmu, ya kwana a ciki. Ban tabbatar za su zo da igiyarsu ba.